Ranar da Kwamfutar Kaltum Ta Mutu

Shagon Kaltum ɗan ƙarami ne, a layin da ke bayan kasuwar kifi ta Baga Road, inda warin banda ke kama tufafin mutum ya bi shi har gida. Babu komai a ciki sai tebur, da benci, da firinta, da wata tsohuwar kwamfuta da launinta ya koɗe. Ana zuwa a buga takardu ko a ɗauki hoton fasfo, amma ba wannan ne ya sa aka san shagon ba.

Kwamfutar ta mijinta ce, Tahir mai hoto. Shekara da shekaru yana da shago a Baga, kuma babu biki ko suna ko saukar karatu ko wasan ƙwallo da aka yi a garin bai je ya ɗauka ba. Duk abin da ya ɗauka a cikin kwamfutar nan yake zubawa. Ana gab da 'yan bindiga su shiga Baga kwamfutar ta fara ba shi matsala, sai ya sa Kaltum a mota da ita, ta kawo ta gyara Maiduguri, ta kuma duba mahaifiyarsa a Gwange. Tana Maiduguri aka shiga Baga. Tahir bai fito ba. Abin da ya rage mata shi ne 'yarsu da ke goye a bayanta, sai kwamfutar.

Mutanen Baga da suka tsira da rigar jikinsu kawai, yawancinsu kasuwar kifi suka raɓa. Sannu a hankali labari ya bazu cewa matar Tahir tana da hotunan gari. Sai mutum ya zo ya zauna a benci, ta buɗe masa, a yi ta wucewa fuska bayan fuska. Tahir bai rubuta sunan kowa ba, saboda shi ya san kowa. Wani a zuwan farko yake ganin uwarsa a cikin taron 'yan biki, wani sai ya yi ta sintiri. In aka samu, Kaltum ta wanke masa ta ba shi. Ta ga gandama-gandaman maza, masu sauke kwalin kifi daga tirela, sun rungume takarda suna kuka kamar yara.

Shekarar da aka fasa turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya shiga duhu wata da watanni. Kaltum ta ja waya daga janaretan Inuwa mai cajin waya, maƙwabcinta. Injin tsoho ne, yana tari, yana ɗauke wuta ya dawo da ita da ƙarfi ba sallama. Pindar, mai yi mata gyara tun farkon zuwanta, shi ya ce kada ta kuskura ta kunna kwamfutar a kan wutar nan ba UPS. Wani baƙin akwati ne mai batir a ciki, ana ajiye shi a ƙarƙashin tebur. In wuta ta ɗauke sai ya riƙe kwamfutar yana kuka tit, tit, har mutum ya kashe ta cikin natsuwa.

"Ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar nan ta tsufa, Madam," in ji shi. "In wuta ta fizge ta tana cikin aiki, ba lallai ta tashi ba. Ki kwashe hotunan ki zuba a wani wuri."

Ta ji maganarsa. Ta sayi wata ma'ajiyar ta hannu, tana kwashewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da babu mutane kuma Inuwa bai kashe inji ba. Ta gama da shekarun farko, na baya-bayan nan ne ba ta kai ba. Ana saura kwana kaɗan azumi Pindar ya sa wa UPS ɗin sabon batir, hankalinta ya kwanta.

A cikin masu sintiri akwai Ya Binta, wata tsohuwa da ke zaune wurin 'yar ƙanwarta a Umarari. Ɗanta take nema, Ajimi, ɗaya tilo, wanda ya fita kamun kifi da safen ranar da aka shiga Baga bai dawo ba. Idonta ya fara yana, sai ta kusa manna fuskarta a jikin gilashin kwamfutar kafin ta gane mutum. Tun kafin azumi take zuwa, ga zafin Maiduguri da ke sa kwalta ta yi laushi, ga ƙishirwa, amma ba ta fasa ba.

Ranar, bayan azahar, suna cikin hotunan wani ɗaurin aure sai tsohuwar ta damƙe hannun Kaltum.

"Tsaya. Koma baya. Wancan na bayan ango, mai jar hula."

Kaltum ta ƙara girman hoton. Wani dogon saurayi ne yana dariya, ya ɗora hannu a kafaɗar abokinsa. Ya Binta ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa tana shafa gilashin, tana kiran sunansa a hankali, tana yi masa magana da Kanuri kamar yana jin ta.

"Bari in wanke miki shi yanzu, Ya Binta. Babba zan yi miki."

Ta danna. Firinta ta ja takarda. A daidai nan injin Inuwa ya yi tari ya mutu. Kaltum ba ta ko ɗaga kai ba, tana jiran kukan UPS. Ba ta ji ba. Kwamfutar ta ɗauke ɗif. Kafin ta kai hannu ga soket injin ya sake tashi da wani irin gurnani, wuta ta dawo, ta sake ɗaukewa, ta kuma dawowa. Da ta kunna kwamfutar, fuskarta ta tsaya baƙa, daga ciki kuma ana jin wani sauti ƙas, ƙas, ƙas.

"Ina yaron ya tafi?" in ji Ya Binta.

Kaltum ba ta san lokacin da ta fita ba. Ko mayafi ba ta gyara ba ta tsaya a kan Inuwa tana zazzaga masa. Ta ce masa mugu, ta ce injinsa ya fi dacewa da bola, ta ce tun yaushe take roƙonsa ya riƙa yi mata magana kafin mai ya ƙare. Masu jiran cajin waya suka zagaye su. Inuwa ya bari ta yi shiru don kanta, sannan ya goge hannunsa da tsumma.

"Hajiya, injin nan ya saba mutuwa, ba yau ya fara ba. Ke ba kina da akwatinki mai kuka ba? Yau ni ban ji kukansa ba."

Ta koma shago ta ce wa Ya Binta ta je gida, gobe in Allah ya yarda za a gyara. Ta tare Keke Napep, ta ɗora kwamfutar da UPS ɗin a cinyarta, sai shagon Pindar.

Pindar ya kwance ma'ajiyar ya kara a kunne, ya jona ta a wata kwamfutar, ya sake jonawa a wata. Daga ƙarshe ya ajiye ta a kan tebur.

"Ta mutu, Madam. Allurar da ke karantawa ta karce faifan. Ko Legas aka kai, ban ce miki za a samu ba."

"To sabon batirin da ka sa min fa? Sabo ka ce min, Pindar!"

Bai yi musu da ita ba. Ya jawo UPS ɗin ya kwance bayansa, ya zaro batirin ya ajiye a gabanta. Ya kumbura kamar burodi, bakinsa ya yi tsatsa, an naɗe wayoyin da baƙin salatif.

"Wannan ba nawa ba ne. Nawa fari ne, a gabanki na ɓare ledarsa. Wannan na fanka ne mai caji, kuma ya daɗe da mutuwa. Girmansu ɗaya, shi ya sa ya shiga. Wa ke da makullin shagonki?"

Mutum ɗaya ne. Babakura, ƙanin Tahir, wanda ya zauna tare da su a Baga, ya fito da ƙafa ta daji. Yanzu yana dillancin kifi, kuma ita da kanta ta ba shi makulli don ya riƙa ajiye kwalayensa a kusurwar shagon. Sai ta tuna ranar sunan ɗansa, makon da ya wuce. Ta shiga ɗakin mai jego ta tarar da fanka tana juyawa, fankar da matarsa Jannat ta yi ta ƙorafin ta mutu tun sanyi. Har Kaltum ta ce musu barka da gyara.

Ta ɗauki mataccen batirin ta jefa a jaka.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa Gwange. Tsakar gidan cike da hayaƙi, ana suyar ƙosai, Hajja surukarta tana kan tabarma da carbi. Babakura yana bakin rijiya yana zuba wa kansa ruwa. Kaltum ba ta gaishe da kowa ba. Ta zaro batirin ta dangwarar a gabansa, har ƙasa ta tashi.

"Naka ne?"

Ya dubi batirin, ya dube ta, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ya Kaltum, wallahi aro na yi. Yaron ne ba ya barci, duk jikinsa ƙuraje saboda zafi. Na ce bayan sallah zan saya miki sabo in mayar. Ai na ga akwatin yana kawo wuta haka nan."

"Aro? Wa ka tambaya?"

"Na san in na tambaya ba za ki ba ni ba."

"Da ka tambaya, da na cire ɗan kunnena na sayar na saya wa yaron batir! Da ka ce min ka ɗauka, da ban kunna kwamfutar ba! Ka buɗe min shago kamar ɓarawo, ka cire, ka cusa min mushe, ka ɗaure da salatif don kada in gane. Kullum kana shigowa kana gaishe ni, kana ganin tsofaffi a kan benci, bakinka bai taɓa buɗewa ba. Kwamfutar ta mutu, Babakura. Rabin Baga ya tafi."

Jannat ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ta koma da sauri. Ana jin ƙarar fankar daga ciki, sai aka kashe ta.

Hajja ta ajiye carbi. "Kaltum, azumi ne a bakinki. Ki sassauta murya, maƙwabta na ji. Yaro ya yi kuskure, zai biya. Abin da ya faru ya faru. Hoto ne fa, ba rai ba."

Tun da aka kawo Kaltum gidan nan amarya ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Hajja ba in tana magana. Yau ta dube ta. Ta wuce cikin ɗakin tsohuwar, ta ciro hoton Tahir da ke rataye a saman gado, wanda ita ta wanke shi daga kwamfutar nan ta sa a gilashi. Ta fito da shi ta tsaya kusa da murhu.

"Hajja, in sa shi a wuta? Hoto ne."

Tsohuwar ta yunƙura za ta tashi. Mai suyar ƙosai ta saki matsami tana salati. Kaltum ta ji kunya ta soke ta, amma fushin ya fi kunyar yawa. Ta je ta durƙusa ta ɗora hoton a cinyar Hajja.

"Ki yafe min. Amma abin da kika ji yanzu, shi wata take ji a Umarari. Ta ga ɗanta yau da idonta, ta taɓa fuskarsa, aka ɗauke mata shi tana kallo. Ita ba ta da na ratayewa."

Ta juya kan Babakura. "Ba na son batirinka, ba na son biyanka. Ba ni makullina. Gobe da safe kuma ka same ni a shago, mu je ka gaya mata da bakinka. Ni ba zan ɗauki wannan maganar in kai mata ni kaɗai ba."

"Haba Ya Kaltum, me zan ce mata?"

"Abin da ka yi."

Aka kira sallah tana bakin ƙofa. Jannat ta biyo ta da kofin ruwa. Ta karɓa ta kurɓa don ta buɗe baki, ta miƙa mata, ta tafi.

Ba ta zaci zai zo ba, amma da safe ta tarar da shi a ƙofar shago, ya sa hula har goshi. Suka shiga Keke. Kaltum tana kallon hanya, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da ba ta fara kwashe hotunan daga na ƙarshe ba, tana jin haushin waɗanda suka fasa turakun wuta, da waɗanda suka bar gari a duhu, da waɗanda suka sa hoto ya zama abin da uwa za ta yi ta sintiri a kansa. Amma duk waɗannan ba ta san inda za ta same su ba. Babakura ne a gefenta.

Suka tarar da Ya Binta a zaure ta riga ta yi shiri, ta yafa mayafi, da wata tsohuwar leda mai kauri a hannu da za ta sa hoton a ciki.

"Wushe, sannu Kaltum. Har kin kawo min da kanki?"

Kaltum ta matsa gefe ta nuna Babakura. Ya durƙusa, ya fara da kame-kame, yana maganar zafi da jariri. Kaltum ta ce, "Faɗi yadda aka yi." Sai ya faɗa. Ya ce shi ya cire batirin, ya sa matacce, bai gaya wa kowa ba, kuma hoton ba zai dawo ba.

Ya Binta ta shiga ninke ledar, ta ninke ta har ta zama 'yar ƙarama. Kaltum tana jiran ta tsine masa. So take ta tsine masa. Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa da tasa, yadda take yi wa gilashin kwamfuta.

"Kai ba ƙanin mai hoto ba ne? Wanda ke riƙe masa fitila a wurin biki?"

"Ni ne, Ya Binta."

"To ka san Ajimi."

Babakura ya sunkuyar da kai. "Na san shi. Mun yi ƙwallo tare. Shi ke tsaron gida."

"Zauna." Ta buga tabarma da tafin hannu. Muryarta ba taushi a ciki. "Jiya na gan shi, amma idona ba shi da kyau, kuma ba a bar ni na ƙare kallo ba. Tunda kai ka ɗauke, kai za ka biya. Faɗa min yadda yake. Fara daga kai."

Ya zauna. Ya ce dogo ne, baƙi, yana da faɗin kafaɗa. Ta ce wannan kowa ma haka yake, ya faɗi abin da ya gani. Sai ya ce yana da tabo a gira, inda ƙugiya ta taɓa kama shi. Ta ce wace girar? Ya ce ta dama. Ta ce ƙarya ne, ta hagu ce, ya sake tunani. Ya ce in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu saboda haƙorinsa da ya karye, kuma in aka ci su ƙwallo ba ya yi wa kowa magana sai washegari. Muryarsa ta fara rawa. Tsohuwar ta ce kada ya yi mata kuka a zaure, ya ci gaba.

Kaltum ta miƙe ta bar su. Ba ta ji sanyi a ranta ba ko kaɗan.

A makon ta canza kwaɗon shago, ta sa aka fitar da kwalayen kifin aka ajiye a waje. Pindar ya sa wa kwamfutar wata ma'ajiyar, ya zuba mata abin da ta riga ta kwashe. Masu zuwa neman hoto suka ci gaba da zuwa, kuma kowanne sai ta gaya masa tun kafin ya zauna cewa shekarun ƙarshe babu su. Wasu su ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Wani mutum da aka ce masa akwai hoton 'ya'yansa a bikin sallar ƙarshe ya tsaya ya zage ta tas, ta tsaya ta saurara har ya gama, ba ta ce masa ba ita ba ce.

Da sallah ba ta je Gwange ba. Ta yi wa 'yarta kitso da lalle ta aika ta da abinci. Bayan sallah Jannat ta zo shago da jaririn, ta zauna a bakin benci tana jan zance. Ta ce Hajja tana tambayarta. Ta ce Babakura ya rame, kuma duk Juma'a in an sauko masallaci yana zuwa Umarari, tsohuwar tana titsiye shi sai ya tuno mata wani abu sabo, har ya fara bin tsofaffin abokan ƙwallonsu a kasuwa yana tambayarsu.

"Ya Kaltum, ko za ki yi haƙuri haka nan? Ya ce in tambaye ki me zai yi."

Kaltum ta karɓi jaririn ta duba wuyansa. Ƙurajen sun baje. Ta gyara masa hula ta miƙa wa uwarsa.

"Ki gaishe da Hajja, ki ce zan zo in gan ta. Shi kuma ya ci gaba da zuwa Umarari. Amma kada ya tako min shago."